Shirun Kujerar Dattawa

"Baba, ka daina kallonsa kamar wanda ya zo satar rago!"

Eirlys ce ta faɗa mini haka a ɗakin girki, tana yanka burodi kamar shi ya yi mata laifi. Ita kaɗai Allah ya ba ni. Uwarta Gwenno ta rasu ta bar mini ita da tumaki da gona a kan tudu.

Na ce, "Gara mai satar rago. Shi na san abin da ya kawo shi."

Watan nan gidana ne ke ciyar da mai wa'azi, don a majami'armu kowane gida da watansa. Mai wa'azin kuwa Gethin Parry ne, mai fasa dutsen da ake rufin gidaje da shi, daga ƙauyen kwari, ɗan Wil Parry wanda ya fi sanin ƙofar gidan giya da ta majami'a. Bara yaron yana bin 'yata da ido. Bana ya ce Ubangiji ya kira shi wa'azi. Kowa kuma ya san na taɓa cewa mai tsoron Allah kaɗai zan ba Eirlys. Ban yi nisa a makaranta ba, amma na san kare in yana zagaya tukunya.

Lahadi mai zuwa ce ranar gwajinsa. In ikilisiya, wato jama'ar majami'armu, ta ɗaga hannu ta amince da shi, a tura shi makarantar masu wa'azi.

Da muka gama cin abinci na ja shi garken tumaki.

"Kana son 'yata?"

"Ina sonta, Baba Idwal. Tun ranar da..."

"Ban ce ka yi mini wa'azi ba. Saurara. Ka je ka ce wa dattawa kuskure ka yi, babu wani kira. Sai in ba ka ita, da gonar nan, da duk abin da ke kuka a cikinta."

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu.

"In kuma na hau mumbari?"

"Kada ƙafarka ta sake taka gidan nan."

Ya sa hula ya kama hanya. Ashe Eirlys na bayan katanga.

"Baba! Ciniki kake da Ubangiji? A kaina?"

"Koma ciki."

"Ba zan koma ba!"

Ta bi shi da gudu har bakin ƙofar gona. Daga inda nake ina ganinsu, ta riƙe masa hannun riga, kai da kai suna raɗa. Iska ta kawo mini "masoyina" guda ɗaya, sauran ta tafi da shi. Ta dawo idonta jawur, ta wuce ni kamar turke.

Duk makon ba ta yi mini magana ba sai "ga shayi". Ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta roƙe ni ba. Wannan ya fi damuna. Na ce a raina, sun ƙulla wani abu.

Ran Lahadi na zauna a kujerar dattawa, ƙarƙashin mumbari. Aikinmu ne mu tallafi wa'azi. Mai wa'azi ya faɗa, mu ce "Haka ne!", mu ce "Amin!", sai muryarsa ta yi ƙarfi. In kujerar ta yi shiru, ko tsohon hannu gwiwarsa sanyi take. Ni ne babba, ba mai buɗe baki sai na buɗe.

Tudur mai shago ya raɗa mini, "Ɗan Wil bai zo ba. Ko ya bi hanyar ubansa?"

"Ka ji da waƙarka, kana kashe mana ita."

Sai ga shi ya shigo, da kwat ɗin aro da ya yi masa gajarta a hannu. Ya hau matakala. Na duba bene inda 'yan mata ke zama. Eirlys ta sunkuyar da kai.

Ya karanta aya, ya fara. Na naɗe hannu na kafa masa ido. Idonsa nake gadi. In don yarinya yake yi, dole ya leƙa bene ya ga ko tana kallo.

Bai leƙa ba.

Ya yi magana a kan dutse, shi ya sani. Ya ce dutsen rufi ba a fasa shi da ƙarfi, sai an nemo jijiyarsa, haka Ubangiji ke yi da zuciya. Ya dakata inda ya kamata a ce amin. Shiru. Ya sake gwadawa. Shiru. Wata tsohuwa ta yi tari. Gumi ya karyo masa.

"Jama'a... ni ban iya magana ba. Na so in ƙi zuwa yau. An yi mini tayin abin da na fi so a duniya, in na ƙi zuwa. Na yi ƙoƙari, Allah ya sani... na kasa."

Ya riƙe gefen mumbari, leɓensa na motsi babu sauti. Daga bene na ji shessheƙa, na kuma san ta wace ce. Haka uwarta ke yi. Ko a nan bai ɗaga kai ba. Ya soma rufe Littafi Mai Tsarki zai sauko.

"Haka ne, yaro!" Muryata ce. "Ci gaba!"

Tudur ya zabura har littafin waƙarsa ya faɗi. "Amin!" ya ce, sauran suka bi. Yaron ya dube ni, ya sake buɗe Littafi. Wa'azin bai kai na manya ba, amma ya kai ƙarshensa. Da aka nemi hannu, kusan kowa ya ɗaga.

Da aka tashi na hango shi ya juya hanyar kwari shi kaɗai.

"Kai, ɗan Wil! Ina za ka?"

"Kai ka ce kada in sake..."

"Watan nan nawa ne. Ba za a ce Idwal Pugh ya bar mai wa'azi da yunwa ba. Wuce."

A tebur Eirlys ta zuba masa dankali har ya fi nawa, tana dariya tana share hawaye. Na ajiye cokali.

"Ke, me kika raɗa masa a bakin ƙofa?"

"Cewa na yi, in ya karɓi gonarka, sai dai ya auri tumakin."

"To ashe ke kika tura shi mumbari, ba Ubangiji ba!"

Gethin ya ce, "Kafin ta buɗe baki na faɗa mata zan hau, Baba."

"Gaskiya ne, Baba."

Bakinsu ya zo ɗaya da sauri. Ban so hakan ba.

Da ya gama makaranta na ba shi ita. Aka tura su wata ikilisiya can bakin teku. Na sayar da rabin tumakin, don mutum ɗaya ba ya iya musu. Shayi ma yanzu ni ke dafa abina.

Duk shekara yakan zo ya yi mana wa'azi, Eirlys na bene da jikokina. Ina zama a wurina. Amin ɗin ina ba shi, amma idona na kan nasa. Har yau ban kama shi ya leƙa ba.