Raɗa Tsakanin Azahar da La'asar

"Da mu take, Mahmuda. Na rantse da mu take."

Yaya Ashatu ce mai maganar, yayata da ta raine ni bayan rasuwar Innarmu. Kwananta tara da zuwa Ibadan daga Aliero. Tana zaune a tabarma tana nuna ƙofar madafa da haɓa, inda matata Ramlat take waya da ƙanwarta cikin Yarbanci, tana dariya har da dafe ciki.

Ramlat haifaffiyar Sabo ce, unguwar Hausawan Ibadan inda muke zaune, Yarbanci a bakinta kamar ruwa. Ni kuwa shekara goma sha takwas ina sayar da albasa a Kasuwar Shasha, abin da na iya bai wuce "buhu nawa" da "bai sayu ba".

"Maman Murja, me kika ce?"

"Hira muke yi, Baban Murja."

"Fassara mana."

"Yanzu hirata da ƙanwata ma sai an kai ta kotu?"

"Ka ji ko?" in ji Yaya. "A gabana ke nan. Ina ga bayan idona..."

Na dubi Yaya, na dubi Ramlat. Shekarata arba'in da bakwai, ga furfura a gemu, amma a ranar babu abin da na fi tsoro kamar a koma Aliero a ce Mahmuda ya zama mijin-ta-ce.

"Na sake ki, saki ɗaya."

Ba ta yi kuka ba. Ta kashe wayar, ta kwashi kayanta ta koma ɗakin 'yarmu Murja, wadda ke makarantar kwana a Ilori. A can za ta yi idda. In na mayar da ita kafin iddar ta cika, aurenmu na nan. In ta cika, ta zama baƙuwa a gare ni. Yaya ta ɗage komawarta gida, wai kada in rasa mai dafa mini tuwo.

Na ce da raina kwana biyu zan bari ta ji jiki. Kwana biyun suka zama sati shida, sai ni na ji jikin.

Maƙogwarona ya fara kumbura, haɗiyar ruwa ta zama kamar haɗiyar tsakuwa. Kaluluwa ta fito mini a wuya ta gefe biyu. Ga zazzaɓi, ga wata kasala wadda ban taɓa sanin irinta ba, ɗaga buta sai na huta. Na sha maganin cizon sauro, na sha na taifod, na sha jiƙon da Yaya ta zo da shi tun daga gida. Daga ƙarshe aka saka ni a keke zuwa wani ƙaramin asibiti wajen Mokola, aka ɗebi jini.

Likitan matashi ne, Bayarabe, ya yi bautar ƙasa a Gusau, Hausarsa ba laifi. Ya dubi takarda, ya dubi gemuna, ya sake duban takarda.

"Alhaji, zazzaɓin kaluluwa ne. Ta miyau ake ɗaukarsa. Galibi samari da 'yanmata yake kamawa, shi ya sa Turawa ke ce masa ciwon sumba."

"Ciwon me?" in ji Yaya.

"Sumba, Hajiya."

Yaya ta yi salati ta gyara mayafi.

Ya ce babu allurar da za ta kore shi. Hutu ne, da ruwa da yawa, da maganin rage zafi. Saifata ta kumbura, kada in kuskura in taɓa buhun albasa har sai ya sake duba ni. Kasalar kuma za ta iya kai wata biyu ko uku.

Ni dai a hanyar dawowa lissafi nake yi. Shekara goma sha huɗu da aure, ban taɓa yin abin da likitan ya ambata ba. Ba alfahari nake yi ba, haka aka raine mu. Ko a talabijin aka zo wajen, tari nake ƙirƙira in tashi. Kofina ma na silba mai murfi, da ke ajiye a gefen gadona, ba wanda ke sha da shi sai ni. To miyan wa?

Yaya ta ba da labarin a tsakar gida da ƙarfi, wai bango take faɗa wa. Labulen ɗakin Murja ya ɗan motsa, ya tsaya.

A sati na biyu na kwanciyata na fara jin raɗar.

Gidanmu yana da wani lokaci tsakanin azahar da la'asar da komai ke mutuwa. Maƙwabta suna kasuwa, Yaya tana baccin rana, ƙarar okada ma daga nesa take zuwa kamar ta wani gari. A lokacin zazzaɓin ke danne ni, ba barci nake ba, ba kuma farke nake ba.

Sai in ji an shigo ba tare da ƙarar takalmi ba. Sai raɗa, ƙasa-ƙasa, da sauri, ba na kama ko kalma ɗaya. Sai wani ɗan sauti kamar ana hure fitila, sau uku. Sai shiru.

Ranar da na iya ɗaga fatar idona kaɗan, na ga mutum cikin farin mayafi har ƙasa, a sunkuye kusa da kaina, an ba ni baya. Hasken taga ya bugi mayafin, ban ga hannu ba, ban ga ƙafa ba.

Innarmu ce ta faɗo mini a rai. Ina da shekara bakwai aka fitar da ita daga ɗaki a cikin farin ƙyalle, kuma abin da na fi riƙewa nata ke nan. Na runtse ido. Na ce ashe likitan ƙarya ya yi mini, tafiya ce ta zo, an aiko wadda na sani ta raka ni.

Kullum sai an zo. Na daina gane ranaku. Wani lokaci har da safe ina jin raɗar a cikin kunnena, in juya ba kowa sai kofi da murfinsa a rufe.

Na gaya wa Yaya, da ɗan abin da ya rage mini na murya.

"Inna ba ta yawo," ta ce. "Mai yawo tana ɗakin can. Yarbanci take tofa maka, Mahmuda. Ka taɓa jin namiji mai gemu ya yi ciwon yara? Kai dai ka yi shiru har ta cika iddarta ta kama gabanta. Saura kaɗan."

"Yaya, Ramlat ba za ta..."

"Ni na goye ka a bayan nan. Ita fa?"

Na nuna maƙogwaro. Maƙogwaron nan ya yi mini rana, duk maganar da nake tsoro sai in fake da shi. Na san sarai ko rubutawa na yi a takarda, aurena ya dawo. Biro yana kan taga.

Abu ɗaya na iya yi, sauraro. Idda ta mace ce, ita kaɗai ta san lissafinta, amma na ƙirga na san wannan ne tsarkinta na uku. Ranar da ta daina salla, ranar ta fita daga hannuna. Don haka duk azahar sai in kasa kunne. In na ji ƙarar butarta a bakin rariya, sai in sauke numfashi in ce gobe zan yi magana. Goben ta yi yawa.

Wata Talata na ce yau ko Inna ce ko aljana sai na ga fuska. Na ƙi shan magani don kada ya kwantar da ni, sai barcin ya ɗauke ni duk da haka. Raɗar ce ta tashe ni.

Na miƙa hannu na cafke mayafin, na sami wuyan hannu a ciki. Da ɗumi. Da ƙanshin man da na sani.

"Sakar ni, Baban Murja."

Murfin kofina yana ɗaya hannun nata.

"Me kike zuba mini?"

"Fatiha. Da Falaƙi da Nasi. In kana so in fassara, sai in fassara."

Na saki hannun a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka faɗi abin da ka faɗa. Kana fita kasuwa nake shigowa. Na ga ba ka cikin hayyacinka, na ce ko Allah zai dawo mini da kai." Ta mayar da murfin. "Ashe kai kana can kana da mai ba ka ciwon sumba. Wace ce? Ba faɗa zan yi ba, ba ni da hurumi. So nake in sani kawai."

Na yi dariya, maƙogwaron ya rama, hawaye suka zubo mini.

"Maman Murja, ke kin san ni. Ni ne zan..."

"Na zaci na san ka."

"Ba ki yi wani ciwo ba kwanan baya?"

Ta taɓa wuyanta.

"Satin farko. Kwana goma ban iya haɗiyar tuwo ba, wuyana duk ƙulli. A gabanku nake wucewa, kai da Yaya. Ba wanda ya ɗaga kai."

Muka dubi kofin tare. Ba zan rantse cewa ta nan ciwon ya bi ba, likitan ma da na tambaye shi daga baya kafaɗa ya ɗaga. Amma ta gane abin da na gane, ta rufe baki da mayafi.

"Ni na sa maka?"

"Ramlatu na," na ce, kalmar da rabona da ita tun Murja na goye. "Na mayar da ke. Ki ji da kyau, na mayar da ke."

Ta zauna a bakin gadon, ta dube ni kamar yadda ake duban wanda ya iso tasha bayan mota ta tashi.

"Ka ji butata yau da azahar?"

Ban ji ba. Barci nake.

"Da hantsi na gani," ta ce. "Na haɗa kayana. Wannan tofin na sallama ne."

"Ai ga ta nan!" Yaya ce a bakin ƙofa. "Me na gaya maka?"

"Ƙur'ani take karanta mini, Yaya."

"Ita ta faɗa."

"Ni na ji." Na dafa bango na miƙe, ɗakin ya juya da ni, na tsaya a haka. "Yaya, kin goye ni, ba zan taɓa biyan ki ba. Amma matata na saka don kada ki raina ni. Zan je in sake neman aurenta."

"Gaskiyarki ce kuma, Yaya," in ji Ramlat. "Ranar nan da ku nake. Ce wa ƙanwata na yi, mijina jarumi ne a Shasha, amma in kika yi tari sai ya miƙe tsaye kamar ɗan makaranta."

Ba wanda ya musa. Kafin magariba ta hau keke zuwa Ojoo, gidan yayanta Sharfuddeen.

Washegari bayan azahar ina kwance, gidan ya yi shirun da ya saba. Sai na ji an shigo ba takalmi.

Ramlat tana Ojoo, da idona na ga tafiyarta. Raɗar ta fara, a hankali fiye da da, tana tsayawa tana ci gaba. Kwana biyu ina jin ta ban buɗe ido ba. A na uku na buɗe.

Yaya Ashatu ce, ta ba ni baya, tana karanta Fatiha a bakin kofina tana jan hanci. Na mayar da idona na rufe. Da ta fita na shanye ruwan duka, tunda likita ya ce ba a cika kamuwa sau biyu ba.

Sai da na ƙara sati biyar kafin likitan ya danna cikina ya ce saifar ta koma wurinta. Ƙafafuna har lokacin kamar na aro. Na sa babbar rigar da ta yi mini yawa, na fito, sai na tarar da Yaya a zaure da mayafinta na unguwa da ƙullin goro a cinya.

"Ba za ka je neman aure kai kaɗai ba kamar marar dangi," ta ce, ba ta dube ni ba.

Sharfuddeen ya bar mu a benci kusan awa guda. Da ya fito ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba shi da ta cewa, bazawara ita ke zaɓa wa kanta. Ya leƙa ciki ya kira ta.

Ta fito ta gaishe da Yaya har ƙasa. Sannan ta juyo gare ni.

"Malam, daga ina?"

"Daga Sabo."

"Sana'a fa?"

"Albasa."

"An ce ka taɓa aure."

"Na taɓa. Ban iya ba."

"Yanzu ka iya?"

"Koyo na zo yi, in za a ɗauke ni."

Ta daɗe tana kallona, idonta ya cika, ta ƙi bari ya zubo. Ta juya wajen yayanta ta yi masa wata doguwar magana da Yarbanci. Sharfuddeen ya ƙyalƙyale da dariya. Na ji Yaya ta gyara zama a kusa da ni, na ɗora hannuna a kan nata. Ban tambaya ba.

"Ta ce a ɗaura ranar Juma'a bayan an sauko," in ji Sharfuddeen. "Sauran ba naka ba ne."