Gangaren da Ya Nufi Gidansa

A wajen gini kowa Gangara yake kiransa, don ba ya buɗe baki sai ya ce a ƙara wa bututu gangara. Shi ke tsara hanyar ruwan ƙazanta a manyan gine-gine, daga banɗaki har sokawe, kuma aikinsa ba ya toshewa. Amma ranar buɗe gini mai fenti ake yabo. Shi ko hannu aka ba shi, sai ya ga mutum ya juya yana goge tafinsa a riga. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Matarsa ta sha gaya masa cewa da wannan warin suke ciyar da 'yarsu tilo, wadda yake kira 'Yar Baba, amma ina, zuciya ta riga ta ƙeƙashe.

Wata rana da hantsi ya bi babbar kwata har ƙarshen gari, inda wani boka ke zaune. Ɗakin ba taga. An rataye ƙahonni da jan ƙyalle a bango, hayaƙin turare ya kasa danne ɗoyin wurin. A tsakiya akwai rami mai faɗin bakin tulu, ba a ganin ƙasansa, sai ƙarar ruwa can ciki.

Bokan ya sa shi ya wanke hannu a kaskon baƙin ruwa. Ya yanka baƙin zakara a bakin ramin, ya tsoma guntayen bututu a jinin, ya ce Gangara ya tofa yawu cikin kowanne.

"Arzikin gida ruwa ne, kullum zuba yake," in ji bokan. "Duk ginin da ka yi wa magudana, ka binne ɗaya ƙarƙashin babban bututu, bakinsa na kallon gidanka. Abin da ya fita daga can, kai zai tarar."

"Me zan bayar? Ni fa ban yarda da jinin mutum ba."

"Ba na son komai naka. Kai dai ka karɓa."

Gangara ya dubi ramin. "To ina mafita? Ramin da ake zuba wa ba a kwashewa, cika yake."

"Mashiga ka zo nema ko mafita?"

Gangara ya miƙa hannu. Mutumin da bai taɓa ɗora bututu ba sai ya san inda zai zubar, shi ne ya kwashi guntayen nan ya zuba a jaka. Kwaɗayi ne kawai, ba rashin sani ba.

Kwangila ta soma zuwa ta ko'ina. Ya yi wa otal magudana, ya yi wa kasuwa, ya yi wa babban asibiti, ko'ina ya binne guntu ya zuba kankare mai kauri. Otal ɗin ya mutu, shaguna suka yi ta rufewa, shi kuwa ya tayar da bene. Masu goge hannu jiya suka koma durƙusa masa, kuma ya ji daɗin abin ƙwarai.

Wari ne ya fara. Aka wanke gidan, aka turara, bai tafi ba. Sai magudanar banɗaki ta soma dawo da baƙin ruwa da rana tsaka, da gashi da audugar ciwo a ciki. Ya tona, ya auna gangaren, bai ga kuskure ba. A banɗakin nan 'Yar Baba ke wanka. Ta kwanta da zazzaɓi, kafin ya sauka tari ya shigo, sai kumburi, sai ƙuraje, har likita ya ce bai taɓa ganin cututtukan asibiti guda sun taru a jiki ɗaya ba. A hannun ubanta ta cika.

Bayan an share makoki matarsa ta tare a banɗakin, kunnenta manne da bakin magudana. Ta ce mutane na kuka a ciki, kuma tana jin muryar yarinyar. Ta daina ci, ta daina gane mijinta.

Ya koma wurin boka, ya ce shi arziki kaɗai ya nema. Bokan ko kai bai ɗaga ba.

"Ka taɓa ganin bututun da ke zaɓe? Ruwan wankan jariri da na wankan gawa hanya ɗaya suke bi. Ai kai ya kamata ka gaya mini wannan."

Magani ɗaya ne, in ji shi, a tono guntayen duka. To amma benaye na zaune a kansu, kuma Gangara bai taɓa yin aikin ha'inci ba, kankarensa ba ya fasuwa. Ya ɗauki diga ya nufi asibiti, masu gadi suka yi waje da shi. Ya je kasuwa, aka yi masa dukan ɓarawo. Kafin ya dawo gida an zaro gawar matarsa daga cikin sokawe.

Benen nasa na nan a rufe, baƙin ruwa na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofa, ba mai saye ko kyauta. Shi kuma yana cikin kwatocin gari tsamo-tsamo, yana tono da farce, yana tambayar masu wucewa ko sun ga mafita.

Kai mai hangen abin hannun wasu, ka shiga taitayinka. In ka karkato da rabon mutane zuwa ƙofarka, da cutarsu da hawayensu zai zo, kuma ba kai zai fara ci ba, waɗanda kake ƙauna zai fara ɗauka.