Taku Shida a Bayan Gida

Ranar da aka haƙa harsashin ɗakin Kaka, dab da magariba, dutsen farko ya faɗo kan kwano. Tela ya leƙa titi, babu kowa. Na biyu ya biyo, sannan na uku, a hankali, kamar baƙon da ke jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofa.

Gidajen rukunin duk zubi ɗaya ne: falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana a sama. Dokar hukumar tsara gari ta ce kowa ya bar taku shida tsakanin gininsa da katangar baya, ko akurki kada a kafa. Kaka kuwa, mahaifiyar Tela, ƙafafunta sun daina hawa bene. Shekara guda tana kwana a falo, ba ta da inda za ta rufe ƙofa ta sauya zane. Wata takwas Tela yana sintiri a ofishin hukumar, da takardar likita da sa hannun maƙwabta, kafin a buga masa hatimin izini na musamman na gina mata ɗaki a taku shidan. Ranar, mutumin da ba a san shi da hawaye ba, sai da ya yi kuka.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu Auta, 'yarsa, ta je kwashe shanya, ba ta dawo ba. Aka same ta durƙushe bakin ramin, tana mayar da ƙasa da tafin hannu, farcenta duk jini. Ta daina ci, ta daina magana.

Malam mai ruƙiya ya zo da yamma. Ya jima yana karatu kafin bakin Auta ya buɗe, da muryar wata mace da ta gaji.

"Me kike nema wurin yarinyar nan?" in ji Malam.

"Wurin zama. Da aka yanka dajinmu filaye, mun koma inda kuka bari don wasan yara. Aka ba wani izini, ya yi shaguna. Muka koma bakin rafi, nan ma aka ba wani izini. Taku shidan nan suka rage mana. Mun ɗauka dokarku ba ta tashi."

"Ku nemi wani dajin."

"Ina da uwa, Malam. Ta tsufa, ba ta gani, da lalube ta haddace wurin nan. A bar mana ko taku biyu, ta ƙarasa kwananta."

Malam ya dubi Tela. "Maigida, gidanka ne."

Tela ya yi lissafi a ransa. In aka rage taku biyu, gado ba zai shiga ba, kuma sai an koma hukuma an fara daga farko. Ya san Kaka ba ta da wata takwas na jira.

"An riga an buga hatimi a kan awon," ya ce.

Muryar ta sake fitowa daga bakin Auta.

"To. A yi mini haƙuri zuwa faɗuwar rana. Goya ta zan yi."

Rana na faɗuwa Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Ba a sake jifa ba.

Ɗaki ya yi kyau, har da taga mai kallon gabas. Ranar tarewa Kaka ta dogara sanda ta zo bakin ƙofa, ta tsaya. Ashe duk abin da aka faɗa rannan a kunnenta.

"Ɗan nan," ta ce, "ina ta kai tsohuwar?"

Kaka ta juya, kuma har ta rasu ba ta kwana a ɗakin ba.

Tela bai sa komai a ciki ba. Kullum da yamma yakan share shi, ya bar ƙofar a buɗe. Ba wanda ya dawo.