Huda Biyu a Murfin Dalma

Ankwa ɗaya. Reza. Gorar ruwa. Takardar hakimin Kebbe a ninke cikin hula. Abin da Sufeto Ɗangiwa na 'yan dokan Tambuwal ya ɗauko ke nan, ga shi ya wuce rabin hanya yana tura keke cikin yashi.

Takardar ba ta da tsawo. Shanu saba'in da aka yi wa allurar rigakafin bushiya sun mutu da bushiyar. Makiyaya sun kewaye gidan hakimi, suna so a miƙa musu Malam Attahiru, malamin dabbobin da ya yi allurar. Hakimi ya ce zai iya riƙe su zuwa sallar Juma'a, bayan nan bai yi alkawari ba. Ranar kuwa Laraba ce.

Da ya isa Kebbe ya tarar da makiyayan zaune gindin tsamiya, kowa da sanda a cinya.

"An ce Sakkwato za ku kai shi," in ji ardonsu. "Ta wace hanya?"

Ɗangiwa ya ratsa su, ya shige gidan hakimi.

An ɓoye Attahiru a ɗakin ajiye sirdi. Leɓunansa sun bushe.

"Mi kaz zuba ma shanun?" in ji Ɗangiwa.

"Abin da anka aiko mani, Sufeto. A rufe nika samun kwalaben, a rufe nika soka allura."

"Wa ka aje su kafin su iso gare ka?"

"Na'iya, mai gadin sito a Tambuwal. Cikin randar ruwa shika sa su don kar zafi shi ɓata su."

Kwalba biyu suka rage. An rufe bakin kowace da fallen dalma siriri kamar ɓawon albasa. Ɗangiwa ya juya, ya shafa da yatsa. Lafiya lau. In murfin nan kalau yake, ba shi da abin faɗa wa mutanen gindin tsamiya.

Ya sa reza ya ɗaye fallen a hankali, ya ce a tura ƙyaure. Ɗaki ya yi duhu, sai tsagar da rana ke shigowa. Ya kara fallen a tsagar, ya rufe ido ɗaya.

Ɗigon haske biyu, ko tsinin tsinke ya fi su girma. Ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Kwalba ta biyu ma haka.

"Sau nawa kaka huda murfi?" ya tambayi Attahiru.

"Sau guda, tsakiya. Sirinji bai buƙatar biyu."

Ya kira ardo ya nuna masa. Ardo ya daɗe yana leƙawa.

"Na ga haske," ya ce. "Ban ga mutum ba. Juma'a."

Ran Alhamis da azahar Ɗangiwa ya isa siton Tambuwal, duk ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Na'iya dattijo ne mai tsabta, shekara goma sha biyu ya yi yana kukun Joji, Baturen alƙali, kafin a ba shi gadi.

"Ni da kwalba sai sawa a randa, sai fiddawa," ya ce. "Ko ƙamshinta ban sani ba. Bari in sa maka shayi, ranka shi daɗe, ka koma kamar wanda anka tono."

Ya ɗauko gwangwanin madara da ƙusa, yana magana bai ko duba hannunsa ba. Ya huda wannan gefe. Ya juya gwangwanin, ya huda wancan.

"Don mi biyu?" in ji Ɗangiwa.

"Guda ta zuba, guda ta sha iska. In ba haka ba ko ɗigo…"

Ya tsaya. Ɗangiwa ya ajiye fallen dalmar kusa da gwangwanin. Madara ta taru a bakin hudar, ta gangara ƙasa, ba wanda ya tare ta.

Na'iya ya zauna a kan buhu.

"Inna na da shanu fuɗu a Jabo. An ce masu allura ba su kai ga Jabo sai bayan kaka, ga ciwo ya matso. Da allurar ɗinki na huda. Na tsiyaye, na nutsa kwalaben a randa sunka cika da ruwa, na murje murfin da bayan cokali."

"Wa yai wa shanun allurar?"

"Ban iya allura ba. Cikin ruwan sha na zuba musu, kamar kowane magani."

"Sun tsira?"

"Ran Lahadi ta ƙarshensu ta mutu."

Ɗangiwa ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba har ofishin 'yan doka. A bakin ɗakin tsare mutane Na'iya ya waigo.

"Kebbe za ka kai ni?"

Ɗangiwa ya dubi rana, ta soma karkata. In ya kai shi, ba za su wuce gindin tsamiya ba. In ya koma hannu wofi, Attahiru za a miƙa musu.

Ya tura shi ciki, ya ja ƙyaure, ya sa sakata.

"Kai kana nan. Ardo nika zuwa in ɗauko, shi ji da kunnenshi ta bayan wannan ƙyaure."