Tuwon Ƙasar Asama'u

Shekarar da agana ta ɗauke min 'yata Asama'u, ba macen da ta leƙo gidanmu a Kademi. Abin da yarinyar ta bari 'yan kwanonin wasanta ne, cike da tuwon ƙasa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ta ce, "Inna, kar ki zubar, ban gama rabawa ba."

Bayan kaka na zubar, na shafa musu fenti, na kafe su a bangon ɗakina da sabon yaɓe. Sai ga matan da suka guje mu suna tururuwa, wai ado ya yi kyau.

Ran nan da magariba ina kunna fitila, na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali rani ne. Kajina suka yi tsit. Wata yarinya na tsaye a bakin ƙofa, ta ba ni baya. Fitila ta haska ta, amma ba ta da inuwa.

Na ce, "Ke 'yar wa ce? Tafi gida, magariba ta yi."

Ba ta juyo ba. Muryar daga bangon da ke bayana ta fito:

"Inna, ai na ce kar ki zubar."