Ƙwan Ƙaguwa a Kwata

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka buga wa Sufeto Fermina Zaleta waya cewa an ga gawa cikin kwale-kwale, a bakin kurmin da ke gabashin tafkin Tamiahua.

Ta tarar da masunta sun yi cirko-cirko, kowa ya toshe hanci da riga. Mamacin Tiburcio Maya ne, wani dattijo mai kamun ƙaguwa. An fasa masa ƙeya. Hannunsa ɗaya yana lilo cikin ruwa, ƙaguwoyi sun riga sun cinye yatsun. Saje Onésimo, mataimakin Sufeto, ya matsar da masuntan baya.

A ƙarƙashin mazaunin jirgin akwai bokiti a rufe. Da ta buɗe sai warin bilic, sinadarin faranta tufafi, ya bugi fuskarta. Cike yake da matattun ƙaguwoyi.

Masuntan suka gaya mata abu biyu. Tiburcio ne ke tuƙa wata mai bincike, Dakta Nayeli Cobos, duk lokacin da za ta shiga tafkin. Kuma kwanan nan ya yi faɗa da wani Crispín a kan tarko.

Sufeto ta ɗauki bokitin ta nufi wurin Dakta Nayeli, ta same ta idanu jajawur. Aikin Dakta shi ne auna faɗin kwanson ƙaguwa, ta ga yadda suke girma da kuma girman da mace ke kaiwa kafin ta fara ƙwai. Ta ce duk shekara ƙanƙancewa suke yi, har ƙananan mata ma sun fara ɗaukar ƙwai, wanda ke nuna an kwashe manyan. Abin da ke kwantar mata da hankali shi ne, duk sanda ta duba kamun ƙungiyar masunta ba ta samun mace mai ƙwai ko ɗaya. Doka ta hana kama su, ita kuma ta ɗauka ana mayar da su ruwa. Har yabon ƙungiyar ta yi a gaban hukuma.

Ta ɗauko ɗaya daga bokitin, ta kife ta, ta ɗaga murfin cikinta. Ta daɗe tana kallo.

"Me kika gani, Dakta?"

"Wannan mai ƙwai ce. Kin ga gashin nan da ƙwan ke mannewa? An kankare shi da buroshi, an tsoma ta a bilic don kada a ga alama." Ta ɗauko wata, da wata. "Dukkansu haka ne."

"Ya yi miki maganar bokitin?"

"Jiya da safe ya ce akwai abin da yake so ya nuna mini. Na ce ya bari sai yau."

Ta ajiye ƙaguwar, ta je famfo ta yi ta wanke hannu.

Crispín yana ɗinkin tarko a ƙofar gidansa aka same shi. Ya rantse da kabarin uwarsa cewa jiya a birni ya yini. Saje ya taɓa injin jirginsa, ya nuna masa danyen taɓo da ciyawar ruwa a jikin farfela.

"Birnin naku cikin ruwa yake?" in ji Sufeto.

Crispín ya sosa ƙeya. Ya amsa cewa yana cikin tafkin, a gefen da aka hana kamu, shi ya sa ya yi ƙarya. Faɗansa da Tiburcio kuwa na baki ne, tun suna samari suke yinsa. Amma da la'asar ya hango dattijon yana tuƙi kamar wanda aka koro, can kuma sai babban jirgin ƙungiya ya bi bayansa. Bai ga mai tuƙin ba.

"Yallaɓai, ni ɓarawon ƙaguwa ne, na yarda. Amma ban taɓa ɗaga wa tsoho hannu ba."

Shugaban ƙungiyar, Don Hilario del Ángel, ya tarbe su a rumfar ɓarar ƙaguwa cikin farar riga gogaggiya. A bango an manna babban hoton ƙaguwa mai ƙwai, da rubutu cewa a tausaya wa uwa. Ya ce rasuwar Tiburcio ta girgiza shi, shi ne ma zai sayi akwatin gawa. Ya sa a kawo wa baƙi romon ƙaguwa mai barkono. Sufeto ta ce ta ƙoshi.

Ya ce jirgin ƙungiya bai motsa ba jiya, kuma ba sa kusantar da bilic wurin abinci.

Yana magana tana kallon matan da ke aiki a dogon tebur. Babu wadda ta ɗago kai. Hannuwan uku daga cikinsu sun saɓule, fatar ta yi fari fat, ta tsattsage.

Ta tambayi abin da ke cikin ɗakin baya. Ya ce tsofaffin taruna ne, kuma makullin ɗaya ne tak, kullum yana aljihunsa.

Sufeto ta zagaya bayan ginin. Kwatar da ta fito daga ɗakin ta toshe da wani abu mai kauri, ruwan goro, wani wuri ya yi baƙi, ƙudaje sun rufe shi, tsutsa tana motsi a ciki. Ƙwai ne, ya taru har ya yi tudu, yana tsiyaya cikin tafkin. Ta dawo wurin Don Hilario ta miƙa hannu.

"Makulli."

A ciki akwai bahon bilic, da buroshi a jere, da kwanduna cike da matan ƙaguwa masu rai, kowace da ƙunshin ƙwai a ciki, suna jiran layi.

Don Hilario ya ce matan ne suke yi a bayan idonsa.

"Da makullin da ke aljihunka?"

Sai wata dattijuwa mai suna Eulalia ta ajiye wuƙarta ta tashi. Ta ce ita ta miƙa wa Tiburcio bokitin ta taga, don ta gaji da wannan ƙazanta. Don Hilario ya gan su, ya fita da gudu ya tayar da jirgi. Da ya dawo wandonsa jiƙe yake, ya tsaya a famfo yana wanke filafilin tuƙa jirgi da bilic.

"Ki yi shiru, Eulalia. Wa ke ciyar da ke?" in ji Don Hilario.

"Hannuna ke ciyar da ni. Ga abin da ya rage daga cikinsu."

Saje ya samo filafilin a bayan baho. Bakinsa ya tsage, a cikin tsagin akwai gashi mai furfura.

Don Hilario ya zauna a kan kwando. Ya ce bokitin kawai ya je karɓa. Tsohon ya tura shi ƙarƙashin mazauni ya zauna a kai, ya ce sai Dakta ta gani. Shi kuma ya buge shi da filafili sau ɗaya. Yana shirin ɗaukar bokitin ya hango wani jirgi, sai ya tsere.

"Manyan sun ƙare a tafkin nan, Yallaɓai. In ban sayar da masu ƙwai ba, me zan sayar? Gidaje nawa ne ke ci a ƙarƙashina?"

"Baɗi me za su ci?" in ji Sufeto.

Saje ya ɗaura masa ankwa.

A bakin ƙofa ya waiwayo ya ce wa matan su zuba wa kayan ƙanƙara kada su lalace, motar dillali tana hanya. Babu wadda ta motsa. Eulalia ce ta shiga ɗakin baya, ta kama kunnen kwando ɗaya, wata ta kama ɗayan. Ana tura shi cikin mota suna jan kwandon zuwa bakin ruwa don su saki ƙaguwoyin.