Layin Mutum Ɗaya

An yi wata makaranta inda masu shiga babbar sakandare ke tsayawa a layin karatun da suka zaɓa. Ranar zaɓe duk aka ruga layin masu son likitanci, har da masu suma in sun ga jini! Wata yarinya kuwa ta tsaya a layin gyaran lantarki, ita kaɗai.

Ƙawayenta suka ce, "Ke, taho mana! Da wa za ki yi hira?" Ba ta motsa ba.

Suka ce, "To, mun raba hanya." Ba ta motsa ba.

Washegari ta zauna cikin kujeru wayam, tana jiyo dariyarsu daga nesa. Malami ya leƙo ya ce, "'Yata, ko kin fasa?"

Ta share hawaye ta ce, "Malam, a fara."